Tafiyar da Ta Raba Uwa da 'Ya

Ran 1 ga Agusta, 1832, keken doki ya bar fadar Kensington da ke Landan ɗauke da Gimbiya Biktoriya, 'yar shekara 13, da mahaifiyarta, suka nufi Wales. Uwar ta ba ta littafi don ta riƙa rubuta abin da ta gani. A cikinsa muke karanta yadda suka ratsa yankin haƙar kwal bayan Birmingham: hayaƙi ko'ina, ciyawa ta ƙone, yara cikin tsumma.

Mukan ɗauka tafiya tana haɗa zukata, amma wannan ba yawon shan iska ba ne. Uwar da mashawarcinta, John Conroy, suka shirya ta don nuna magajiyar sarauta ga talakawa, abin da ya fusata Sarki William na Huɗu. Rangadin ya ci gaba har 1835, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da yarinyar a Ramsgate. Tana kwance suka matsa mata ta naɗa Conroy sakatarenta. Ta ƙi.

Ranar da ta hau gadon sarauta a 1837, ta sa aka fitar da gadonta daga ɗakin uwar. Rubutun kuwa ba ta daina ba sai 1901.