Burtali a Bakin Gari: Nazarin Matsin Gine-gine a Babban Mutum, Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda yankan fuloti ke cinye burtali da makiyaya a Babban Mutum, ƙaramar hukumar Ɓaure ta jihar Katsina. Ta nuna cewa katangar bulo ta fi garma ɓarna, domin katanga ba ta ja da baya.

Gabatarwa

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka, yana fuskantar ƙasar Magarya ta jihar Damagaram a Nijar. Garken da ke gangarowa kudu da rani, su haura arewa da damina, suna ratsa wannan yanki, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta amince da wannan zirga-zirga. Kasuwanci da ƙaruwar jama'a sun sa filin bakin titi ya yi daraja.

Waiwaye

Galibin rubuce-rubuce kan burtali sun tsaya ne a rikicin manoma da makiyaya, suna ɗora laifin toshewarsa kan manomi. Wannan fahimta ta rage abu biyu. Na farko, ta ɗauki burtali hanyar shanu kawai, alhali kurege da bushiya da zomo da damo da fakara duk ta nan suke bi daga wannan fadama zuwa waccan. Na biyu, ba ta bambance cin iyakar noma da cin iyakar gini ba. Masu dogaro da Dokar Gandun Kiwo ta 1965 kuwa sun manta cewa gandun da aka toshe hanyar shigarsa ba shi da amfani ga kowa.

Hanyar Bincike

An bi sawun burtali a ƙafa daga wajen gari zuwa ciki, aka tattauna da dattawa da makiyaya, sannan aka gwada dokokin ƙasa na Nijeriya da na Nijar.

Sakamako

A karkara, iyakar burtali shingen aguwa ne ko bini-da-zugu. Manomi kan matsa shingen, ya ƙara kunya biyu ko uku. In an kai ƙara, mai gari da ardo su zo, a nuna tsohon kututture, a mayar da iyaka. Ko ba a mayar ba, da zarar an kawar da amfanin gona dabbobi za su shiga su ci kara, ƙananan namun daji kuma su kurɗa ta ƙarƙashin shingen.

A bakin gari lamarin daban ne. Dillali ya kafa turaku, a sare gawo, a zuba yashi, a ɗora bulo jeri uku a bar shi shekaru don kama wuri. Ba kowa a ciki, amma hanya ta mutu. Garke ya koma kan kwalta ko ya faɗa gona, rigimar ta tashi a kan manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tushen matsalar takarda ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara. Mai fuloti na iya samun shaida. Burtali ba shi da mai riƙe masa ita. A tsallaken iyaka, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sanya hanyoyin dabbobi cikin dukiyar al'umma, kuma kwamitocin filaye kan kafa musu alamun siminti.

Iyakar Bincike

Ba a ƙirga namun daji ba, ba a kuma auna faɗin burtali da hoton tauraron ɗan'adam ba. Wannan bai rushe hujjar ba, domin katanga ba ta buƙatar awo kafin a gan ta.

Kammalawa

Ya kamata gwamnatin Katsina, tare da masarautar Daura, ta zana burtalin Ɓaure a taswirar gari, ta kafa masa alamu, ta hana ba da shaidar mallaka a cikinsa. A fara da bakin gari, inda asarar ba ta gyaruwa.