Yelwan Yawuri: Garin da Ke Zaune a Kan Tsohon Gari

Wanda ya sauka Yelwa ranar kasuwa, ya tsaya bakin ruwa yana kallon jiragen Gungawa da na Sarkawa suna sauke kifi da albasa, zai ɗauka garin bai daɗe ba. Yana da hujja, domin sai a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, fadar Yawuri ta zauna a Yelwa. Tsohuwar fadar tana Birnin Yawuri, inda ragowar ganuwa ke nan har yau. Sai dai ƙasar da Yelwa ke kai ta girmi ganuwar nesa ba kusa ba.

Aikin madatsar ruwa ta Kainji ne ya tono wannan labari. Da aka tabbatar tafki zai haɗiye bakin Kwara, sai masana kayan tarihi suka shiga rige-rige da ruwa. Robert Soper ya zaga yankin yana rubuta tuddai da kufai ɗaya bayan ɗaya, sannan A. J. Priddy ya haƙa wani tudu kusa da Yelwa. Tudun tarin zaman mutane ne, gida a kan gida: tsingaron tukwane, kayan ƙarfe, da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu. Awon shekaru da aka yi ya nuna an zauna wurin daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 miladiyya. Ke nan fiye da shekara dubu kafin Abarshi, akwai masu ginin tukwane da masu aiki da ƙarfe a wannan gaɓa.

An kammala madatsar a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Abin da ba a kai ga haƙawa ba yana ƙarƙashin tafki.

Shi ya sa abin da ya rage a tudu ya zama amana. Magini a Yelwa ko Ngaski ko Shanga, in diga ta ci karo da tsohuwar tukunya wajen haƙa harsashin gini, ya dakata, ya bar ta a mazauninta, a sanar da mai unguwa da hukumar gidajen tarihi. Zurfin da aka sami tukunya yana taimaka wa masana su gane shekarunta; da zarar an tumɓuke ta an jefa a juji, labarin mai ita ya tafi ke nan.