Magaji ko Muhalli? Nazarin Da'awar cewa Na'urori Masu Basira Za Su Gaji Ɗan Adam

Tsakure

Maƙalar ta auna da'awar cewa sauyin halittar ɗan Adam ya tsaya, kuma na'urori masu ƙirƙirarriyar basira ne za su gaje shi. Da aka ɗora na'urorin a kan sharuɗɗan zaɓin halitta, an ga ba su cika sharaɗin gado ba. Abin da tarihin ƙwayoyin gado ya nuna shi ne fasaha kan zama muhallin da ke sauya jikin mai ita. Maƙalar ba ta shiga muhawarar asalin ɗan Adam ba. Sauye-sauyen da ta duba duk a cikin jinsin mutum suka auku.

Waiwayen Ayyuka

Da'awar ta girmi kwamfuta. A 1863 Samuel Butler ya buga wasiƙa a wata jaridar Christchurch ta ƙasar New Zealand, yana cewa injina na kan hanyar zama jinsin da zai rinjayi mutum. I. J. Good ya yi hasashen na'urar da za ta ƙera wadda ta fi ta a 1965, Ray Kurzweil ya sa wa lamarin shekara, wato 2045, James Lovelock kuma ya maimaita shi a littafinsa Novacene a 2019. Waɗannan hasashe ne, ba sai an tsaya a kansu ba.

Wanda ya cancanci a ja da shi shi ne Hans Moravec na Jami'ar Carnegie Mellon. A littafinsa Mind Children na 1988, ya ɗauki mutum-mutumi a matsayin zuriyar hankalinmu, waɗanda za su ɗauki al'adunmu su ci gaba bayan jiki ya gaza. Hujjarsa ta jingina ne da ginshiƙai biyu: cewa ƙwayoyin gado sun yi jinkirin da ya fitar da su daga gasar, da kuma cewa na'ura tana hayayyafa yadda mai rai yake yi. Ginshiƙin farko ya samu goyon bayan masanin gado Steve Jones, wanda a 2008 ya ce sauyin halittar mutum ya kusa tsayawa a ƙasashen da suka ci gaba. Ginshiƙan nan biyu duk ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Hanyar Bincike

An yi amfani da sharuɗɗa uku da Richard Lewontin ya tsara a 1970: bambanci tsakanin ɗaiɗaiku, gadon wannan bambanci, da fifikon wasu a wajen haihuwa. An gwada su a kan na'urori, sannan aka duba binciken da aka riga aka buga kan al'ummomin da sana'arsu ta sauya jininsu.

Sakamako

Na'urori suna da bambanci, kasuwa kuma tana fifita wasu. Matsalar tana wajen gado. John von Neumann ya nuna a lissafe cewa inji mai kwafin kansa mai yiwuwa ne, amma har yau ba a ga na'urar da ta haƙo ma'adini, ta tace shi, ta ƙera 'yarta ba. Mafi yawan ƙwaƙwalen kwamfuta na ƙarshen zamani kamfanin TSMC ne ke yin su a Taiwan, da injinan da kamfanin ASML na Holan kaɗai ke ƙerawa. Butler ya hango wannan suka, ya amsa a littafinsa Erewhon a 1872 da cewa wasu tsirrai ma ba sa hayayyafa sai da taimakon ƙudan zuma. Amsar tana da kaifi, sai dai ƙudan zuma ba ya zana irin da zai fito, injiniya kuwa yana zanawa. Na'ura ta fi kama da masara, wadda manoman Meziko suka fitar daga wata ciyawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce: ta cika duniya, amma in ba hannun da ya ɓare ta ya shuka, ba ta kai ko'ina.

A ɓangaren ƙwayoyin gado kuwa, babban abin da binciken ya tsaya a kai shi ne madara. Yawancin manyan mutane a duniya jikinsu kan rage samar da sinadarin da ke narkar da sukarin madara bayan yaye. A tsakanin makiyaya abin ya sha bamban, kuma ba ta hanya ɗaya ba. Turawan arewa suna ɗauke da wani sauyi a kusa da ƙwayar gadon wannan sinadari, kuma irinsa ne ake samu a jikin Fulani. A 2007 Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka gano sauye-sauye na daban a tsakanin makiyayan Kenya da Tanzaniya da Sudan, wanda ya fi yaɗuwa cikinsu bai wuce shekara 7,000 ba. Ke nan kiwo, wanda dabara ce ta mutum, ya sauya jininsa sau da dama a wurare mabambanta, cikin ɗan lokacin da Moravec zai ce bai isa komai ba.

Binciken Richard Evershed da tawagarsa na 2022 ya ƙara wa batun armashi. Sun bi sawun kitsen madara a jikin tsofaffin tukwane, suka ga mutanen Turai sun shafe dubban shekaru suna shan madara kafin sauyin ya yaɗu. Bayanin da suka fifita shi ne yunwa da annoba: mai ƙoshin lafiya zai sha ya yi kumburin ciki kawai, amma wanda yunwa ta raunana gudawa na iya kashe shi. Wato fasahar ta daɗe a hannun mutane ba ta taɓa jininsu ba, sai da tsanani ya zo. Duk wanda ya dubi wayar hannu yau ya ce ba ta sauya halittar kowa ba, bai faɗi abin da ya rushe wannan hujja ba.

Sikila ma haka. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da rabin cutar yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro, Frank Livingstone kuma a 1958 ya danganta yaɗuwarta a Afirka ta Yamma da sare daji domin noma. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin cutar. Gatari da fartanya ba su gaji manomi ba, kududdufai suka buɗe wa sauro.

Iyakokin Binciken

Dole a amince cewa misalan nan na fasahohi ne marasa tunani, kuma saniya ba ta rubuta manhaja. Idan wata rana na'ura ta riƙe zanen kanta da masana'antarta, sharaɗin gado zai cika, hujjar farko ta maƙalar nan ta faɗi. Haka kuma maƙalar ba ta auna gyaran ƙwayoyin gado da gangan ba, irin wanda He Jiankui ya yi wa tagwaye a Sin a 2018, har kotu ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Wannan hanya ce da sharuɗɗan Lewontin ba su isa su auna ta ba, tana buƙatar nata binciken.