Daga Kirari Zuwa Shafukan Sada Zumunta: Taƙaitaccen Tarihin Tallata Kai

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wata ɗabi'a da mutane da yawa su ke ɗauka baƙuwa ce a ƙasar Hausa, watau mutum ya mai da sunansa haja, ya riƙa tallarsa a bainar jama'a. A ganina ɗabi'ar daɗaɗɗiya ce; abin da ya sauya shi ne wanda aka yarje wa ya yi ta, da kuma sharaɗin da aka gindaya masa.

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. Saboda haka sarki ko attajiri ba ya buɗe baki ya faɗi asalinsa ko yawan kyautarsa. Maroƙi ne mai wannan aiki. A nazarin da M. G. Smith ya buga a 1957 game da roƙo, bisa binciken da ya yi a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa maroƙi na bayyana matsayin kowa a cikin al'umma, kuma idan aka hana shi abin hannu yabon kan juye ya koma zambo. Ke nan suna abu ne da a ke saya tun da can, amma ta bakin wani, domin mai sunan ya tsira da kunyarsa.

Sai dai akwai waɗanda al'ada ta ba damar yi wa kansu kirari: 'yan dambe, da 'yan kokawa, da mafarauta, da 'yan tauri. Abin lura a nan shi ne, dukkansu masu sana'ar da a ke gwada maganarsu nan take ne. Ɗan damben da ya shiga fage ya yi kirari, abokin karonsa na tsaye yana jira, kuma kafin a watse jama'a sun ga ko gaskiya ya faɗa. Haka ma makaɗa. Bakandamiyar Narambaɗa da ta Mamman Shata waƙoƙi ne na wasa kai, amma waƙar ita kanta ita ce shaidar gwanintar da a ke iƙirari. Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sa'an nan kaset ya yaɗu, sai sunan makaɗi ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

A ƙasashen Turawa kuwa, a kan danganta yaɗuwar wannan ra'ayi ga wata maƙala da Tom Peters ya rubuta a mujallar Fast Company ta Amurka a 1997, inda ya shawarci kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa tamkar kamfani mai tambari. Ba a jima ba kayan aikin suka samu: Facebook a 2004, YouTube a 2005, Instagram a 2010. A Nijeriya wayar salula ta shigo a 2001, daga baya kuma wayoyi masu intanet suka kawo waɗannan shafuka hannun talaka.

Daga nan ne tsohon tsari ya wargaje. Mai ɗinki, da mai turaren wuta, da ɗan wasan Kannywood, har ma da malamin addini, kowa ya zama maroƙin kansa. Ba zan ce babu alheri a ciki ba. Matar aure da a da sai ta ɗora wa 'yarta talla ko ta dogara ga dillaliya, yanzu tana iya sayar da kayanta daga cikin ɗaki, yarinyar kuma ta tafi makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ita ce fagen gwaji ya ɓace. Ma'aunin suna ya koma yawan mabiya, alhali kuwa mabiya a kan saye su da kuɗi. Daɗin daɗawa, na'urar da ke zaɓen abin da za a nuna wa mai kallo tana fifita duk abin da ya riƙe hankalinsa, shi ya sa habaici da zambo su ka fi yabo kasuwa. Zambon maroƙi a da kan tsaya a dandali ko ƙofar gida. Na yau kan kai mutum gaban alƙali, kamar yadda ya faru a Kano a 2022, lokacin da kotu ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala saboda wani bidiyo da suka sa a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin.