Gishiri da kanwa a ƙasar noma: illarsu ga harawa a Madawa, Buza da Keita

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, harawar wake da ta gyaɗa da ta waken dolik na cikin abin da ke riƙe bisashe daga ƙarshen kaka har faɗuwar damina. Waɗannan tsirrai ba sa jure ƙasa mai gishiri ko mai kanwa, matsalar da aka fi gamuwa da ita a fadamu da lambunan noman rani, irin na kwarin Tarka da na Majiya.

Yadda gishiri ke taruwa

Ruwan rijiya kan ɗauko gishiri kaɗan. Rana ta busar da ruwan, gishirin ya zauna, shekara bayan shekara, har ya fito fari a kan kunya. Saiwa ba ta iya jan ruwa a irin wannan ƙasa, shi ya sa shuka ke yin yaushi alhali ƙasa na da danshi. Masana na kiran ƙasa mai gishiri idan awonta ya wuce 4 dS/m. A ƙididdigar hukumar FAO, amfanin luzan na fara raguwa daga 2,0, gyaɗa daga 3,2, wake kuma sai 4,9. Wake ya fi su juriya ke nan.

Kanwa daban take

Ƙasa mai kanwa ita ce wadda sodiyam ya yi wa yawa, awon pH ɗinta kan wuce 8,5. Takan daskare, ruwa ya kwanta a kai bai shiga ba. Shuka ta kasa samun sinadaran ƙarfe da zink, sabon ganye ya koma rawaya.

Inda ɓarnar ta fi tsanani

A saiwar wake da danginsa akwai ƙananan ƙululluka masu ƙwayoyin halitta da ke kamo azot daga iska. Gishiri da kanwa na rage su tun kafin a ga alama a ganye. Sai harawa ta yi kaɗan, amfaninta ga dabba ya ragu, gona kuma ta rasa takin da wake ke bar mata.

Magani

Ana wanke gishiri da ruwa mai kyau, muddin akwai magudanar da za ta fitar da shi. Ruwa kaɗai ba ya gyara ƙasa mai kanwa: sai an zuba jips, dutsen da ake haƙowa a Adar don masana'antar siminti ta Malbaza, a haɗa da takin gargajiya. Rufe ƙasa da kara na rage bushewa. Tun da alamomin biyu na kama da juna, manomi zai fi tsira idan ya kai ƙasarsa da ruwan rijiyarsa awo a cibiyar INRAN kafin ya kashe kuɗin iri.