Hanyar Hawa Dutsen Dala a Tarihin Kano

Matakalar siminti da ake bi a yau zuwa ƙololuwar Dutsen Dala sabon abu ce. Al'adar hawa dutsen domin kallon birni ita ma ba ta daɗe ba, in aka gwada ta da shekarun dutsen a tarihin Kano. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a can da saukowa daga Dala shi ne abin lura.

Binciken masana kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a gindin Dala tun wajejen ƙarni na 7. Amma labarin mutanen da suka zauna wurin sai a littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908. Littafin ya ce Barbushe, ɗan zuriyar Dala kuma babban bokan Tsumburbura, a bisa dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai a ranakun Idi guda biyu. Ran da ya sauko, jama'a na gabas da yamma, kudu da arewa, sukan taru a gindin dutsen da baƙaƙen dabbobi na yanka, shi kaɗai kuma yake shiga wurin tsafin, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Watau hanyar ta mutum ɗaya ce, saura kuwa sai jira a ƙasa. Ambaton Idi a nan abin dubawa ne, don kuwa littafin da kansa ya sa Barbushe kafin Bagauda, wanda lissafin Palmer ya ɗora farkon sarautarsa a 999, Wangarawa kuwa sai zamanin Sarki Yaji (1349-1385) suka kawo Musulunci. Alƙalamin marubuci Musulmi ne ya auna bikin Maguzawa da kalandarsa. Irin wannan girmama duwatsu sananne ne a Kufena ta Zazzau da Kwatarkwashi ta Zamfara.

Da aka fara ganuwa a zamanin Gijimasu, aka kuma rushe gidan Tsumburbura a zamanin Tsamiya, sai iko ya bar dutse ya koma fada. Daga nan Tarihin Kano bai ƙara damuwa da Dala sosai ba.

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a unguwar Dala, ya hau dutsen, ya zana birnin daga sama. Ya ƙiyasta mazauna Kano a kan 30,000, ya kuma lura cewa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne. Zanen nasa, wanda ya fito a littafinsa na 1857, yana cikin tsofaffin hotunan Kano da ake da su. Wanda ya tsaya a wurin yau zai hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, amma gonakin sun zama gidaje.

A 2007 Nijeriya ta sa Dala, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Sai dai gidaje sun matse gindin dutsen, zaizayar ruwan sama tana cin gefensa. Hasarar da ta fi girma tana ƙarƙashin ginin, domin a nan ne kashin tama da ragowar matoyar maƙeran farko suke binne.