Tarihin Lilin na Bagaden Coci

Lilin na bagade farin yadi ne da Kiristoci ke shimfiɗa wa teburin da ake ɗora gurasa da ƙoƙon ruwan inabi a lokacin Jibin Ubangiji. Al'adar ta daɗe. Tun ƙarni na 4 Bishop Optatus na Milevis, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ambaci cewa da lilin ake rufe bagaden katako. Littafin tarihin paparomomi kuma ya jingina wa Paparoma Silbesta na ɗaya (314–335) umarnin a yi hadaya a kan lilin, ban da siliki, ban da rinannen yadi, domin da lilin aka yi wa Yesu likkafani.

Wannan ƙa'ida ta ɗaure hannun masaƙa, amma ba ta kashe basirarsu ba. Da yake tsakiyar yadin dole ta zama fara sol, sai adon ya koma bakuna biyu da ke saukowa gefen bagade. A nan masaƙan Perugia ta ƙasar Italiya suka yi fice, musamman a ƙarni na 14 zuwa na 16. Jikin yadin lilin ne, amma a bakin sukan ratsa abawar auduga shuɗiya, layi bisa layi, su fitar da tsuntsaye, bishiyar rai, da barewa biyu suna fuskantar juna a bakin maɓuɓɓuga, alamar ruhu mai ƙishirwar Ubangiji. Ba duka hotunan ne na ibada ba. Dabbar tatsuniya mai jikin zaki da kan gaggafa tambarin birnin ce kawai. A cikin saƙar ake gina hoton, ba ɗinki ake bi da shi daga baya ba, shi ya sa kuskuren zare ɗaya kan bayyana. Mai zane Simone Martini ya nuna irin wannan yadi a kan bagade a cocin Assisi.

A Jamus kuwa mata masu zaman zuhudu sun fi son sirfani, farin zare kan farin yadi.

Littafin sujada na Roma na 1570 ya wajabta shimfiɗa uku, kada ruwan inabi ya zube ya kai ga dutsen bagade. Bayan Taron Batikan na Biyu (1962–1965) aka sassauta: farin yadi ɗaya ya wadatar. Masaƙar Giuditta Brozzetti, wadda aka kafa a Perugia a 1921, har yau da hannu take saƙa zane-zanen nan na masaƙan Perugia.